Kwalaben Malamin Asibiti

Ku matso kusa, jikokina, ku ajiye wayoyin nan na ɗan lokaci, akwai maganar da nake so ku ji daga gare ni tun ina da sauran ƙwari. Na lura ana ba ku labarin nan a gutsure. Wata ta ce muku wai na taɓa zuwa makaranta na zazzage wa hedimasta rashin kunya, wani kuma ya ce yaji na yi aka tsinto ni a hanya. Babu ko ɗaya a ciki. Ni da ko zaure ba na son leƙawa, in ba biki ko rasuwa ba? Na je makarantar, wannan gaskiya ne, sau ɗaya tak, kuma ga abin da ya kai ni.

A lokacin muna zaune a ƙauyen kakanku, can ƙasar Kebbe, tun kafin mu dawo Tambuwal. Gida ne na noma da shanu, gero a tudu, shinkafa a fadama, ga wani babban tafki a bayan gari inda yara ke wuni suna iyo. Mai mulkin gidan kuwa surukata ce, mahaifiyar kakanku, wadda kowa ke kira Inno. Mace ce gajera mai kaifin murya, in ta yi tari a ɗakinta har kaji sai sun natsu. Ina ƙaunarta, kada wani ya gaya muku akasin haka. Ita ta koya mini dama fura yadda ba ta gudaji, ita ta zauna a kaina duk haihuwar da na yi.

Babanku shi ne ɗan farina. Ku 'yan yanzu ba ku san nauyin wannan ba, na ga uwayenku suna ɗaukar ɗan fari suna masa rawa a gaban surukai. A zamaninmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan farinta, ba ta nuna ta damu da shi, ba ta tambayar ko ya ci abinci in da mutane a wurin. Ana yaye shi Inno ta ɗauke shi, a ɗakinta yake kwana, ita ke masa wanka, ita ke yanke hukunci a kan komai nasa. Ni kuwa Adda yake ce mini, kamar wata yayarsa. In ina son aikensa sai in ce "kai," in ina maganarsa da wasu in ce "yaron Inno." Har ya shiga makaranta ya yi nisa, bai taɓa jin sunansa ya fito daga bakina ba. Amma kunnena kullum yana wurinsa. Takunsa na sani, tarinsa na sani, ko cikin yara nawa yake dariya zan tsamo tasa.

To a garin nan akwai tsargiya, wato fitsarin jini, kuma babu wanda ya ɗauke ta cuta. Cewa ake yi alamar yaro ya fara zama namiji ce, yadda mace ke fara ganin al'ada. Yaron da nasa bai yi ja ba har gori ake masa, a ce ya koma cikin mata ya yi 'yar tsana. Su kan jeru a bayan gari suna gasa a kan yashi, a ga na wa ya fi rina ƙasa. Babanku shi ne gwaninsu, har suna suka sa masa, Sarkin Ja. Inno in ta ji ana kiransa haka sai ta gyara zama tana murmushi.

Ni dai abin da kunnena ke ji daban ne. In ya zaga makewayi, ni ina wanke-wanke ta wannan gefen darnin, sai in ji yana nishi a hankali yana cije baki, wani lokaci har da ɗan kuka. Ya fito ya share ido ya tafi yana taƙama. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, cikin idonsa ya yi fari fat. Malaminsu ya aiko cewa yana barci a aji, yaron da a da shi ke fara ɗaga hannu. Kakanku, wanda nake kira Malam, ya ce in har aka kai kaka a haka zai cire shi ya bi shanu, tunda barci a gindin itace ma barci ne. Shi kuwa babanku ransa na kan karatun nan, duk bangon ɗakin Inno ya cika shi da rubutun gawayi.

A shekarun nan akwai malamin asibiti da ke zuwa daga Tambuwal cikin Landiroba, shekara-shekara, da bazara kafin ruwa ya yanke hanya. Mu dai Likita muke ce masa. In ya zo sai a jera 'yan makaranta a gindin ɗorawa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana duba kai, yana buɗe ido, yana juya tafin hannu. Mai makero a aske shi a shafa masa shuɗin maganin nan da ake kira jibi, sai ka ga yaran gari sun dawo da kawuna kamar an tsoma su a marina. Mai gyambo a wanke a ɗiga masa aidin, ihunsa har cikin gidanmu. Mai ciwon ido a matsa masa magani. A ƙarshe kowa ya buɗe baki a zuba masa cokalin man kifi, su wuni suna gyatsa suna tsine wa kifi. Mu mata muna cikin gida, amma ranar ba abin da ke wuce mu, don yara ke dawowa su kwaikwayi komai, har yadda Likita ke ɗaga gilashinsa zuwa goshi.

A wannan shekarar sai ya zo da sabon abu. Ya raba wa yara maza 'yan ƙananan kwalabe, ya ce kowa ya kawo fitsarinsa da safe. Ya yi musu bayani cewa tsargiya wata tsutsa ce da ke shiga jiki daga ruwan tafki, tana shan jinin yaro, kuma zai tafi da kwalaben Tambuwal ya duba da madubin likita, ya dawo da magani. Babanku ya shigo da tasa yana jujjuya ta a rana. Inno ta karɓa ta shinshina.

"Mi za su yi da fitsarin ɗiyan mutane?" in ji ta. "Yaro ya fara zama namiji, sai a ce a ba shi magani shi koma mi? Wanga magani in ya shiga jikinai, ko aure anka yi mashi sai dai su zauna suna kallon juna."

Ba ta hana kai kwalbar ba, don mai gari ya yi shela kowa ya kai. Dabara ta yi. Da safe ina hura wuta na ga ta kira baffanku Sani, lokacin yana ɗan tsito bai shiga makaranta ba, ta lallaɓa shi da ɗan ƙuli-ƙuli ya cika kwalbar. Ta toshe ta miƙa wa babanku, ta ce wannan zai kai, in ya faɗa wa wani sai ta saɓa masa. Na gani da idona, amma wace ni da zan sa baki a maganar yaron Inno?

Bayan 'yan kwanaki ina kaɗi a inuwar darni, sai na ji shi da abokansa ta waje suna cin ɗanyen mangwaro. Akwai amininsa Altine, yaro mai ƙiba da lafiya kamar ɗan maraƙi, wanda kullum ake tsokana don nasa bai taɓa yin ja ba.

"Wallahi Sarkin Ja ka fisshe mu," in ji Altine. "Da ba ka sammana naka ba, da mi za mu nuna ma Likita? Ruwan rijiya?"

"Kai dai ba ka cika alkawari ba," in ji babanku. "Aduwa kac ce za ka kawo man."

"To kai da kab ba kowa, naka fa?"

"Nawa na Sani na. Inno ta hana."

Suka fashe da dariya. Na ajiye mazarin na riƙe baki, dariya na cina. Ashe a hanyar makaranta ya tsaya bayan wata sabara ya cika wa abokansa marasa tsargiya kwalabensu, don kada a yi musu gori a gaban baƙo. Wato cutarsa ta tafi Tambuwal da sunan 'ya'yan wasu, shi kuma ya tafi da lafiyar ƙaninsa.

Haka kuwa aka yi. Saƙo ya zo, hedimasta ya kira sunayen waɗanda za a ba magani ranar da mota za ta dawo. Aka kira Altine, ya fito yana buɗa kafaɗa kamar an naɗa shi sarauta. Aka kira sauran. Ba a kira babanku ba. Ya dawo gida ya ƙi cin tuwo, wai an ci mutuncinsa, shi Sarkin Ja guda a ce ba ya ciki. Inno ta ce alhamdu lillahi. Ni kuwa lissafina ɗaya: motar nan in ta zo ta koma, sai wata bazarar. Kafin nan kaka ta yi, an cire shi daga makaranta, kuma Allah kaɗai ya san jinin da zai rage a jikinsa.

Na sami Malam yana gyaran igiyar shanu, na durƙusa na gaya masa komai, ina ta kewaye-kewaye da "yaron Inno." Ya yi dariya har ya saki igiyar, sannan ya dube ni.

"Kulu, kin san ba ni iya tsallake maganar Inno bisa yaron ga."

"Malam, kai ba ka ji kukan da shika yi a makewayi. Ni nika ji."

Ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da gyara. Amma ranar da motar za ta dawo, ya shirya tun da hantsi zai kai bijimi kasuwa. Ya tsaya a bakin ɗakina yana gyara hula, yana kallon sama kamar da gajimare yake magana.

"Ni dai na tafi, sai yamma. Wanda yaf fita ban gani ba, wanda yash shigo ban gani ba."

Na gane. Na jira har na ji ƙugin Landiroba ta shigo gari, Inno kuma ta zaga bayan gida wurin awakinta. Na yafa babban mayafina na fita. Matan da ke bakin rijiya suka saki guga suna kallona, wata ta ce, "Kulu, lafiya? Wa ar rasu?" Na ce lafiya lau, na wuce. Ban ma san ta ina ake shiga makarantar ba, sai da na bi ta cikin gonar rogon hedimasta.

Na tarar da su a gindin ɗorawa. Likita na zaune a kan benci da akwatinsa, su Altine sun jeru suna jiran ƙwaya, sauran yara sun yi da'ira suna kallo. Hadari ya fara haɗowa ta gabas, direba yana ta leƙen sama yana cewa a yi sauri kafin gulbi ya kawo. Na durƙusa nesa kaɗan na gaishe su. Hedimastan baƙo ne, bai daɗe da zuwa garin ba, ya ce baiwar Allah me ke tafe da ke. Na sunkuyar da kai na ce an yi musayar kwalabe, akwai yaron da ya fi kowa ciwon nan kuma ba ya cikin layi.

Likita ya ɗaga gilashinsa zuwa goshi, daidai yadda yara ke kwaikwayo. "Wane yaro?"

"Yaron Inno."

"Baiwar Allah, rabin yaran ga ɗiyan Inno na. Kowace tsohuwa a garin ga Inno ta. Mi as sunanai?"

Na ƙara sunkuyar da kai.

"To wa am mijinki?"

Wannan ma ai ba suna ne da zan iya faɗi ba. Na ce, "Malam."

Yara suka kwashe da dariya, har direba. Likita ya dube ni da kyau, sai na ga fuskarsa ta sassauta. Mutumin Tambuwal ne, ya san gidan da ya fito.

"Ɗan fari na, ko?"

Na gyaɗa kai. Ya ce ba komai, in tashi in duba cikin yaran in nuna shi da hannu, ba sai na yi magana ba. Na ji sanyi a raina. Na ɗaga kai ina dubawa, fuska bayan fuska, babu shi. Sai can na hango bayan wata riga ta wuce kusurwar aji. Ashe tun da ya gan ni ya san asiri ya tonu, ga tsoron Inno, ga kunyar abokai, sai ya sulale. Ya riga ya tsallake shingen makaranta ya nufi fadama da gudu, kuma in ya shiga cikin ciyawar nan babu mai ganinsa sai magariba. Babu wanda ya lura sai ni. Direba ya danna ham.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Mayafina ya zame, na buɗe murya irin wadda ban san ina da ita ba.

"Ummaru!"

Jikokina, wurin nan ya yi tsit, har kukan kurciya ana ji. Shi kuwa ya tsaya cak kamar an ɗaure masa ƙafa. Ya juyo a hankali yana neman wanda ya kira shi, don muryar ya sani, sunan ya sani, amma bai taɓa jin su tare ba. Na ce, "Zo nan." Ya taho kansa a ƙasa, bai ko yi gardama ba.

Likita ya ja fatar idon yaron ƙasa ya duba, ya danna cikinsa. Sai ya sa aka ɗauraye kwalabe, ya ce duk wanda ke layi, har da wannan, su zaga bayan aji su sake cikawa, malami na tsaye a kansu. Altine ya fara kuka tun kafin a je. Da suka dawo aka jera kwalaben a kan benci, ta Altine fari tas, ana hango itace ta cikinta. Yara suka dinga tsalle suna ihu, "Ruwan rijiya! Ruwan rijiya!" Hedimasta yana son ya yi fushi, dariya ta hana shi. Likita ya ɗaga ta babanku a rana ya girgiza kai.

"Wagga ko madubi ba ta bukata. Yaro, kai kaɗai kac cika ma garin ga kwalabe? Ai ka yi aiki."

Ya ware masu ciwon gaske, ya sallami masu aro, ya ce da sun sha maganin nan a banza da sun gane kurensu, don ba alewa ba ne. Ya ba hedimasta wasu ƙwayoyi rawaya, ya ce a riƙa ba su kowace safiya a gabansa har su ƙare, kuma kada wanda ya ƙara shiga tafki. Sannan ya ce mini in koma gida, Allah ya yi albarka. Motar na fita gari ruwa ya sauko.

Labari ya riga ni isa gida. Na tarar da Inno zaune a ƙofar ɗakinta, ruwa na zuba daga indararo a gabanta.

"Kulu, an ce kin kira shi."

"Na kira shi, Inno."

"Gaban maza. Da suna."

"Da suna, Inno. Ki yi man gafara."

Ta tashi ta shiga ɗaki ta saki asabari. Daga ranar har daminar nan ta ƙare ba ta ƙara yi mini magana ba. In na kai mata tuwo sai ta tura wa yara, ta ɗora 'yar tukunyarta. In tana son wani abu a wurina sai ta gaya wa akuya, da ƙarfi yadda zan ji. Wannan ya yi mini ciwo fiye da yadda nake nunawa, don na saba da hirarta in muna surfe. A gari kuwa na zama abin wasa. In na shiga gidan biki sai wata ta maƙale murya daga bayan ɗaki ta ce "Ummaru!" mata su zube da dariya. Wasu tsofaffi suka ce 'yan Tambuwal irina dama idonsu a tsaye yake. Malam da ya dawo kasuwa bai tambayi komai ba, sai dai na ga ƙullin tsire a kan gadona.

Maganin kuwa ya wahalar da babanku. Jiri, amai, ɗacin baki, ya kwanta kamar ba zai tashi ba. Inno ta dinga gaya wa akuya, "Kin gani ko? Kin ga abin da nika faɗi?" Amma ita ce ta zauna a kansa tana ba shi kunun tsamiya da ludayi, kuma ita ce ke tashinsa da safe ta ce ya tafi ya sha na yau, tunda an fara ai sai a ƙarasa. Ranar da ya ga fitsarinsa ya koma fari ya zo tsakar gida ya yi kuka kamar an yi masa rasuwa, wai sarautarsa ta tafi. Ni kuwa ina bayan darni ina saurare, na ji ya shiga makewayi ya fito ba nishi, ba cije baki. Na zauna a kan turmi na yi ta hamdala.

Daga nan sai ci. Yaron nan ya ci tuwo a daminar nan har Malam ya ce ko rumbu za a buɗe masa ya shiga ciki. Kumatu suka fito, idonsa ya yi ja irin na masu jini, malaminsu ya aiko cewa yanzu surutu ya yi masa yawa a aji. Da kaka ta yi aka ɗaure gero, babu wanda ya ƙara tayar da maganar shanu. Sauran kun sani, tunda kun ga inda karatun ya kai shi.

Inno ta sauko ne wata safiya ina tankaɗe. Ta zo ta jefa mini rigarsa ta makaranta a cinya, duk ta yage a hammata.

"Ki gaya ma Malam shi ɗinka wata. Ɗanki ya fi ƙarfin wagga."

Ta juya ta tafi, sannan ta waiwayo ta ce miyar jiya gishiri ya yi kaɗan. Ashe ta ci.

Ban ƙara kiran sunan nan ba, na koma "kai" da "yaron Inno" kamar da, shi ma ya ci gaba da ce mini Adda. Amma akwai wata rana, yana cikin shan maganin, Inno ta fita gaisuwa, na shiga ɗakinta in ɗauko ƙwarya. Yana kwance a tabarma, na ɗauka barci yake yi. Har na kai ƙofa sai na ji ya yi magana can ƙasa-ƙasa, fuskarsa na kallon bango.

"Adda."

"Mi na na?"

"Ashe kin san sunana?"

Na tsaya da ƙwarya a hannu. Ƙarshe cewa na yi ya rufe ƙafarsa, akwai ƙuda, na fita da sauri. Yau ga shi da furfura a gemu, har yanzu ban ba shi amsa ba. To ku da kuka yi karatu, kuka iya magana, ku gaya mini, me ya kamata in ce masa?